Silin ɗin falona ya tsage a gaɓa tun hunturun farko, a ina matsalar take?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana. Na yi silin ɗin falona da allon jifsam a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, muka tare a Oktoba. Ranar da aka gama fenti ba ka ganin gaɓa ko ɗaya, wato inda allo ya haɗu da allo, sumul. Hunturu na kankama sai ga wani siririn layi kamar silin gashi ya taso daga wannan bango zuwa wancan. Kafin Janairu ya ƙare sun zama uku. Na kira mai fenti ya cike da fila, kwaɓin nan na cike tsaga, ya sake shafa fenti, bayan sati uku suka dawo daidai inda suke. Ya sake, suka sake dawowa. Falon mita 6 ne da mita 4 da rabi, a nan Kano. Wanda ya yi aikin ya ce ginin ne yake zama, in yi haƙuri. Abin yana damuna ƙwarai, don gumin shekaru ne na zuba a gidan nan. Da gaske zaman gini ne?

Oga Mai POP: Wa alaikumus salam. Alhaji Allah ya mayar da alheri. Ni dai kullum ina faɗa a zauren nan, allon nan ba na ƙasarmu ba ne, na ƙasashen sanyi ne. Da POP aka zuba maka aka ɗaure da filas, zaren nan da ake tsomawa a cikinsa, da yanzu ba wannan maganar muke ba. Shawarata a sauke shi kawai.

Baba Kafinta: A'a ɗana, ba a yanke wa mara lafiya ƙafa kafin a duba ciwon. Abban Sadiya, amsa min abu uku. Tsagar miƙaƙƙiya ce kamar an ja da rula, ko tana karkacewa tana ratsa tsakiyar allo? Bangon da kansa ya tsage, musamman saman ƙofa da taga? Sannan a kan me aka kafa allon, katako ko ƙarfe?

Abban Sadiya: Baba barka da dare, Allah ya ƙara girma. Miƙaƙƙiya ce sak. Bango lafiya lau, yanzu na zagaya da tocila na duba. Katako ne, tubaitu, mai inci biyu da biyu, ni da kaina na sayo, kwana biyu tsakani aka buga shi.

Baba Kafinta: To ka cire zancen zaman gini daga ranka. Ginin da ke zama a bango yake fara nunawa, kuma tsagarsa a karkace take tafiya, ba ta san rula ba. Taka ta bi gaɓar allo ne, wato abin da ke riƙe da allon ta sama shi ne ya motsa.

Ka ce Satumba, ka ce kwana biyu tsakani. Katakon da muke aiki da shi daga kudu ake ɗauko shi a tirela, afara ne ko obeche ko malaina, a sauke a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo. Da yawansa bai daɗe da fitowa daga injin tsaga ba, in ka ɗaga za ka ji nauyin ruwa, in ka buga ƙusa wani har danshi yake fitarwa. Ba laifin mai sayarwa ba ne, haka kayan ke zuwa, mai aiki ne ya kamata ya sani. Ka kafa shi a damina yana cike da ruwa, sai iskar hunturu ta zo ta tsotse shi tas. Katako in zai bushe ba ya raguwa a tsawo sai kaɗan, a kauri da faɗi yake tsukewa, kuma yana murɗewa. Tubaitu ya fi kowa murɗewa don ba shi da jiki. Wannan ya murɗa hagu, na kusa da shi ya yi sama, allon da ke manne da su dole ya bi, kuma inda ya fi rauni shi ne gaɓa. Ko sau goma mai fenti ya cike, fila ba ta riƙe katako.

Mu da muka koyi aiki a wurin iyayen gidanmu, katakon silin sai an jera shi a inuwa, an sa 'yan guntaye tsakanin layi da layi iska na ratsawa, an ɗora nauyi a sama, ya yi makonni. Sannan a shafa maganin gara. Yanzu kowa sauri yake.

Injiniya: Baba ya gama rabin maganar, Allah ya saka. Oga Mai POP, da girmamawa, ban yarda da batun ƙasashen sanyi ba. Wanda ya je Makka ko Madina ya kwana a otal, akasarin silin da ke kansa wannan allon ne, kuma zafin can bai gaza namu ba. Asalinsu ma ɗaya da POP ɗinka, dutsen jifsam ne aka gasa aka niƙa, irin wanda ake haƙowa a wajen Fika ta jihar Yobe. Bambancin kawai shi allo an zuba shi a masana'anta tsakanin takarda biyu.

Abban Sadiya, akwai abin da nake so ka auno, amma bari in fara faɗin yadda ya kamata aikin ya kasance don ka san me za ka duba. Allon yawanci mita 1.2 ne da mita 2.4. Mai kaurin milimita 12 ko 12.5 shi ne na silin, kuma guda ɗaya ya haura kilo 20, ka ga ba ƙaramin nauyi ke rataye a kanka ba. Tazarar katako ko ƙarfen da za a ɗaure shi a kai, daga tsakiya zuwa tsakiya, ni santimita 40 nake sawa. Dalili, 40 tana shiga 240 sau shida cif, don haka ƙarshen kowane allo zai faɗo a tsakiyar katako, ba a iska ba. Ana iya kai mai 12.5 har 60 in an tallafe gefunansa, amma siririn nan mai 9 ko 9.5 bai kamata ya wuce 45 ba, in ya wuce zai yi ciki.

Na biyu, tsawon allo gicciye yake tafiya da katako, ba a kwantar da shi bin tsawon katakon ba, don ya fi ƙarfi ta tsawonsa. Na uku, ana saɓa gaɓoɓi kamar yadda birkila ke saɓa bulo. Layin farko ka fara da cikakken allo, na biyu ka fara da rabi. In kusurwa huɗu suka haɗu wuri ɗaya suka yi alamar tarawa, ka shuka tsaga da hannunka. Layin da ka ce ya tafi daga bango zuwa bango shi ya sa nake zargin ba a saɓa ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan BA13 muke ce ma shi, sunan da Faransawa suka sa. BA ɗin na nufin bakinsa an fiƙe shi ya yi siriri, 13 kuma kaurin ne, ko da yake 12.5 ne na gaskiya. Wannan fiƙaƙƙen bakin shi ne sirrin. In dogayen gefuna biyu suka haɗu sai su bar ɗan kwari, nan tef da fila ke kwanciya su ɓace. Amma gajeren gefe da duk inda ka yanka da wuƙa ba su da kwarin. Ni a aikina, tsaga kusan kullum a nan take fitowa. Shi ya sa ba na haɗa yankakken baki da fiƙaƙƙe, kuma yankakke da yankakke sai na ɗan fere bakinsu na bar tsakani kamar milimita 3, na cike ya bushe kafin in sa tef.

Abban Sadiya: Ikon Allah. Tef kuma? Ni ban ga an sa wani tef ba. Ina tsaye aka kwaɓa garin POP aka cusa a tsakani, aka bi da sikiridin, shafen da ake yi kafin fenti.

Mai Jifsam Dei-Dei: Innalillahi. Yallaɓai ai nan ma kaɗai ya isa. Gaɓar da babu tef ko a kan ƙarfe take sai ta buɗe. Fila cikewa take yi, tef shi ke ɗinke allo biyu su zama ɗaya. Ni mai raga nake sawa, mai gam a jiki, ka manna ka bi da fila hawa uku.

Injiniya: Ƙanena, a silin na fi natsuwa da tef na takarda. Ragar tana da ɗan miƙewa, in gaɓa ta motsa sai ta ba da kai, fentin da ke kanta ya tsage ko da ita ba ta yanke ba. Takarda ba ta miƙewa.

Mai Jifsam Dei-Dei: Yaya Injiniya na ji, amma ku a littafi kuke gani, mu muke kan sikafol. Na takarda yana son hannu. In yaro bai shimfiɗa fila sosai a ƙarƙashinsa ba sai ya kumbura ya yi ƙurji, a hunturu kuwa kafin ka ja mita biyu filar ta fara bushewa. Na sha kankare aikin wasu saboda haka. Raga kuma in ka haɗa ta da filar gari, wadda ake kwaɓawa ta kama da kanta cikin ƙayyadadden lokaci, ban taɓa komawa gyara ba. Inda ake kuskure shi ne a sa raga a bi ta da filar bokiti wadda sai iska ta busar da ita. Wannan ba ta da ƙarfin riƙe raga.

Injiniya: A kan wannan mun haɗu, raga sai da fila mai kamawa. Amma a yankakken baki, inda babu kwari, ina nan kan takarda.

Ɗan Maraɗi: Ni ma takarda. Sai dai gaskiyar Mai Jifsam ce, yaron da bai iya ba gara ka ba shi raga.

Oga Mai POP: To kun gani? Tef kaza, fila kaza, tazara kaza. Duk wannan wahalar ta me? Mu filas muke tsomawa a POP mu ɗaure ta sama, mu cike gaɓa da shi, shi ke nan.

Baba Kafinta: Ɗana, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa ganin POP ya tsage ba? Ni na gani, har wanda ya rufto na gani, kuma dalilin ɗaya ne, an rataye shi a ɗanyen katako ko an yi rowar ɗauri. Filas ɗin da kake sawa a gaɓa ai aikin tef yake yi. Sana'arku ɗaya, kaya ne suka bambanta.

Oga Mai POP: Haka ne Baba, yana tsagewa in an yi ganganci. Amma ni dai a ɗakin da ake son ado da lanƙwasa, har gobe POP.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari. Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa, daga Kaduna. Nawa a kicin ne, gaɓar ta tsage kuma gefenta ya yi shatin ruwan ƙasa, in ka danna da yatsa yana lotsawa. Shi ma katakon ne?

Mai Jifsam Dei-Dei: Hajiya naki ruwa ne. Ko kwano na yoyo ta wajen ƙusa, ko bututun ruwa ko na AC ya bi ta wurin yana ɗiga. A fara tsayar da ruwan. Wurin da ya lotsa ya mutu, a yanke shi murabba'i har zuwa kan katako a sa sabo. Kicin da banɗaki kuma koren allo ake sawa, mai jure danshi. Shi ma jure tururi yake yi, ba ya jure yoyo.

Maman Hanif: Na gode ƙanena, Allah ya yi albarka. Akwai tankin ruwan zafi a saman wurin kuwa, gobe za a duba.

Injiniya: Abban Sadiya, ga abin da za ka yi. Da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ka hau ta ƙofar silin da tocila da tef ɗin awo. Kada ka taka allo ko tubaitu ko da wasa, kan manyan katakon rufi kaɗai, in da hali ka shimfiɗa falanki. In ba ka saba ba ka tura kafinta ya ɗauko maka hoto. A auno tazarar nogin, wato katakon da aka kafa allon a jikinsa, a duba ko akwai katako a bayan kowace gaɓar da ta tsage, a duba da me aka rataye nogin ɗin a jikin rufi kuma nawa ne tsakaninsu, a ga inda fanka take rataye.

Abban Sadiya: Jama'a barkanmu da safiya. Na hau da wani kafinta maƙwabcina, kuma abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Tazarar nogin 60 ce, wani wurin har 65. Allon mai 9 ne, mun gani a rubuce a bayansa, alhali kuɗin mai 12 na bayar. Gaɓoɓi biyu daga cikin ukun babu komai a bayansu, bakin allo da bakin allo ne kawai a iska, har hasken falo nake hangowa ta tsagar. Ba a saɓa ba, duk a jere suke. Ƙusa aka buga, ba sukuru ba. Ta ukun kuma ita ce ta bi ta kan fanka, ashe a jikin tubaitun silin aka ɗaure ƙugiyarta. Wasu katakan sun murɗe kamar yadda Baba ya faɗa, har ɗaya ya bar jikin allon, yatsana na shiga tsakani. Yanzu saukewa zan yi gaba ɗaya? Wallahi ba ni da ƙarfin sabon aiki a yanzu.

Baba Kafinta: Kwantar da hankalinka ɗana. Abu ɗaya ya zo maka da sauƙi, katakon nan ya riga ya sha hunturu guda, yawancin murɗewar da zai yi ya yi ta. Ni a ganina ana ceto shi.

A fara da fanka. A sauke ta yau, a kafa mata tubaifo, mai inci biyu da huɗu, nata daban tsakanin manyan katakon rufi, ƙugiyar ta sauko ta ramin da ya ɗan fi ta faɗi, kada ta taɓa allo. Fanka na kaɗawa dare da rana, ko gaɓar kirki ba za ta jure ba, balle hatsarin ta faɗo kan yara. Fitila mai nauyi ma haka.

Sannan a nemo busasshen katako, in ka samu tsohon da aka cire daga wani rufin kuma gara ba ta taɓa shi ba, ya fi sabo. A sa ɗaya a tsakiyar kowace tazara, 60 ta koma 30. A bayan kowace gaɓar da ke iska a sa katako mai faɗin da bakin allo biyu za su samu wurin kamawa. Wanda ya murɗe ya bar allo kada a ja allon da ƙarfi a kai masa, a kafa miƙaƙƙe a gefensa. A ja igiya ta ƙasa, ko a yi amfani da tiyon ruwa na auna daidaito, a tabbatar duk sun zo daidai kafin a ɗaure. A ƙara masu ratayewa daga rufi, kada tsakaninsu ya wuce kamar mita ɗaya.

Mai Jifsam Dei-Dei: In ƙara a kan na Baba. Sukuru na allon jifsam za a sa, baƙin nan mai kai kamar bakin kakaki, mai manyan zare na katako, ya shiga katakon aƙalla milimita 25. A allo mai 12.5 mai tsawon 38 ake sawa, a naka mai 9 mai 35 ya wadatar. Tsakanin sukuru da sukuru kamar santimita 23, a yankakken baki a matso zuwa 15. Kada ya matsi baki sosai, a bar milimita 13 daga yankakken gefe, in ba haka ba jifsam ɗin zai farfashe. Kan sukurun ya ɗan nutse kaɗan amma kada ya huda takarda, don takardar ce ke riƙe allon. Wanda ya huda a bar shi a sa wani kusa da shi. Tsofaffin ƙusoshin kada a ce za a zare, za a ɓata allo, a sa sukuru kusa da kowace, a ɗan nutsar da ita. Mutum ɗaya ya tokare allon sama da hannu ko da katako mai kan T yayin da ɗayan ke ɗaurewa.

Bayan nan a kankare duk POP ɗin da aka cusa, a fere bakin ya yi kwari, a share ƙura, a cike, a sa tef, a bi da fila hawa uku, kowane ya bushe kafin na gaba kuma ya fi na baya faɗi. A yankakken baki sai an baje ta sosai, kusan rabin mita, in ba haka ba da an kunna fitila za a ga tudu. Sanfefa a hankali kada a ci takarda.

Ɗan Maraɗi: Tun da ana iya hawa sama, akwai dabara ɗaya. Dogayen gefunan da ke ratsa tsakanin katako da katako, a yanko guntayen allo masu faɗin kamar santimita 20, a shafa musu fila mai kamawa, a manna su ta baya a kan gaɓar. In ya kama, allo biyun sun zama ɗaya ta sama da ta ƙasa. Ragowar yanke-yanke da ake zubarwa sun isa.

Injiniya: Duk na yarda, amma Baba ka yi min afuwa, akwai inda zan ja. Allo mai 9 da ya zauna wata biyar a tazarar 60, in ya riga ya yi ciki ba ya komawa daidai gaba ɗaya. Abban Sadiya, ka ɗora doguwar rula ta alminiyom a ƙasan silin, ko da dare ka haska tocila a kwance da jikinsa. In ka ga yana hawa da sauka kamar igiyar ruwa, wannan allon a canza shi, kada ka kashe kuɗin fila a kansa. Kuma da sabon aiki ne, ni ƙarfen silin zan ce, mai rufin zinki, babba a sama ƙarami a gicciye a ƙasa. Ba ya shan ruwa, ba ya murɗewa, gara ba ta cinsa.

Baba Kafinta: Babu laifi Injiniya, gaskiya ka faɗa a kan cikin allo. Ƙarfen ma ban ƙi ba, sai dai na ga wani a kasuwa siriri kamar gwangwanin madara, da hannu kake lanƙwasa shi. Busasshen katako ya fi wannan. Kuma ƙarfen ma a jikin katakon rufi ake rataye shi, in rufin ɗanye ne an dawo gidan jiya.

Injiniya: Haka ne. Shi ya sa ma a bakin bango ba na son a like silin da bango kam. Rufi na motsi daban, bango daban. A bar 'yar tazara, a rufe da kwalliyar kusurwa ko a cike da abin da ke da danƙo. Babban wuri kuma, irin masallaci ko zauren taro, in tsawon ya kai mita 9 zuwa 10 sai an raba silin an bar masa gaɓar motsi da gangan. Falon mita 6 bai buƙata. Abu na ƙarshe, zafin cikin rufi. Masu ƙera allon na gargaɗin kada ya daɗe a zafin da ya haura wajen digiri 50, kuma kowa ya san yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu. A bar wa rufin kafofin shan iska, a sa musu raga saboda jemage da tsuntsu.

Oga Mai POP: Alhaji, ko da yake ba layina ba ne, ka nemi wanda ya yi maka aikin ku zauna da shaida. Kuɗin mai 12 ka bayar aka sa mai 9, wannan haƙƙi ne. Irin wannan ke ɓata mana suna gaba ɗaya, mu da su.

Abban Sadiya: Na gode Oga, na kira shi, ya ce zai zo ranar Asabar, kuma maƙwabcina kafinta zai zauna a maganar. Mun gwada tocilar da daren nan kamar yadda Injiniya ya ce. Allo huɗu na tsakiya, kewayen fanka, sun yi ciki sosai, sauran da sauƙi. Fankar mun sauke ta tun da rana. Tambayata, in zan canza huɗun nan, in sa mai 12 a tsakiyar masu 9?

Mai Jifsam Dei-Dei: A'a yallaɓai, za a samu tudun milimita 3 a kowace gaɓa, fila ba za ta ɓoye shi ba. Ka sa mai 9 irinsu, tun da tazarar za ta koma 30 zai zauna lafiya. A yanka sababbin yadda gaɓarsu za ta saɓa da ta tsofaffin.

Baba Kafinta: Kuma a shigo da allon cikin falon ya kwana biyu a kwance a ƙasa mai bai ɗaya, kada a jingine shi a bango. Katakon da za ka saya ka turo min hotonsa tukuna, da hoton kan gungumen inda aka yanka, in gani kafin ka biya.

Abban Sadiya: In sha Allah Baba, gobe da hantsi zan shiga kasuwa, zan turo kafin in biya.